Fankar lantarki a tsohuwar 504: a bar ta dairek ko a sa mata makunni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Daga Unguwar Dosa a Kaduna nake. Na gaji Peugeot 504 ta mahaifina, ƙirar 1984, haɗin Kakuri. Bara fankarta ta lalace, makaniki ya cire ta ya sa mini fankar lantarki ta Beljiyam, ya haɗa ta dairek da makulli, ya kuma zare tamostat, abin nan mai daidaita zafin ruwan inji, ya ce kayan ƙasar sanyi ne. Yanzu ina murɗa makulli fanka ke tashi. Da safe allurar zafi ba ta ɗagawa har in kai wurin aiki, amma da rana in na shiga goslo a Kawo sai ta haura. Batir na yawan sauka, gindin makulli na ɗumi, in na kashe mota kuma inji sai ya ɗan ƙara juyawa kafin ya mutu. Wani abokina ya ce in sa makunni a dashbod in riƙa kunna ta da kaina. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba ka ikon riƙe motar nan yadda ya riƙe ta. Fiye da shekara talatin ina aikin wayarin ɗin mota a garin nan, yawanci kuma a ƙarƙashin bonet ɗin Fijo na yi su, don haka abubuwan da ka lissafo na san su kamar yunwar cikina. Kada ka bar ta dairek, kada kuma ka ɗauki shawarar abokinka yadda ya ba ka ita. Zafin ruwan inji shi ne ubangidan fanka. Shi zai ce ta tashi, shi zai ce ta huta. Abin da ke kai mata saƙon shi ne makunnin zafi, wanda muke ce wa fan suwic, sai rile da zai ɗauki nauyin wutar, sai fiyus da zai tsare wayar. Tamostat kuma a mayar da shi inda aka ciro shi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga motarka. 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma da yawa daga cikin 404 da 504 da muka taso muna gyarawa sun zo da fanka mai maganaɗisu a kan famfon ruwa. Fambel na juya fuli kullum, amma fukafukan fankar a sake suke, suna ɗan wulwulawa kawai. Sai ruwa ya yi zafi, makunnin da ke jikin lagireto, wato abin da ke sanyaya ruwan inji, ya haɗa wuta, wutar ta bi ta wani ɗan gawayi ta shiga maganaɗisun, ka ji ƙas, fanka ta kama ta fara huci. Ruwa na sanyi ta sake. Idan gawayin ya cinye, maimakon a sake shi, sai a ɗaure kusoshin da ke jikinta ta koma juyawa ba tsayawa, kuma a ganina tun daga nan hannunmu ya saba da dairek. Saboda haka ka leƙa jikin lagiretonka, musamman tankin ƙasa. In na asali ne ko irinsa, mai yiwuwa ka tarar da tsohon makunnin yana nan ba waya, ko ramin an toshe shi da kusa. In ka same shi, rabin aikin ya ƙare.

Mu fara da ɗumin makulli, don shi ya fi tayar mini da hankali a duk abin da ka faɗa. Fanka mai faɗin inci 12 zuwa 14 tana jan wuta amfiya 8 zuwa 15 in tana cikin tafiya, manya sukan kai 20. A daidai lokacin tashi kuwa tana fizgar ninki biyu ko uku na haka. Ƙananan tagullar da ke bayan makullinka an yi su ne don kwayil mai ba fulogi wuta da fitilun dashbod da ire-irensu, ga shi sun shekara arba'in suna aiki. Duk wannan wuta ta cikinsu take bi yanzu, shi ya sa kake jin ɗumi.

Akwai wata 505 da aka jawo mini da igiya wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mai ita dattijo ne, ya ce yana tafe sai ya ji ƙauri kamar ana ƙona leda, kafin ya ankara hayaƙi na tasowa ta tsakanin gwiwoyinsa. Allah Ya taimaka akwai mai faci a bakin titin, ya rugo da sifana aka cire kan batir. Da na buɗe ƙarƙashin sitiyari, wayoyi wajen bakwai sun narke sun manne wuri guda kamar alewa, jar tagulla a fili. Na bi wadda ta fara ci har gaban mota. Siririyar waya ce irin ta rediyo, an murɗa ta da hannu a bayan makulli an naɗe da baƙin tef, ta miƙe sai cikin fanka, ko fiyus ɗaya babu a hanya. Kwana uku muka yi muna sake wayarin, dattijon na zaune a benci yana kallon motarsa. Motarka a kan wannan hanyar take, don haka ko yau ka karanta wannan, kada ka ƙara yin doguwar tafiya da ita sai an gyara.

Injin da ke ƙara juyawa bayan ka kashe, shi ma daga nan yake. Motar fanka, wato ɗan injin lantarkin da ke juya fukafukanta, in aka ba ta wuta juyawa take, in kuma tana juyawa aka yanke wutar sai ta koma ɗan janareta. Tun da layinta ɗaya da kwayil, a ɗan lokacin da fukafukan ke ƙarasa juyawa sai ta mayar da wuta baya, fulogi su ci gaba da tartsatsi na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ana raba ta da layin makulli wannan zai bari. In bai bari ba, sai a duba silo, wato juyin inji in mota na tsaye, ko ya yi sama, a duba taimin da daskararren baƙi a kan fistin.

Batun batir lissafi ne kawai. Altanetar waɗannan tsofaffin motoci yawanci tsakanin amfiya 35 da 55 take, ka duba lambar da ke jikin taka. Wannan adadin ma sai inji na gudu take ba da shi. A silo da ƙyar take kawo rabi. To ka ɗora fitilun gaba, wajen amfiya 10, fitilun baya da na dashbod wajen 3, kwayil 3 ko 4, waifa in damina ce, sannan fanka mai cin 12 da ba ta hutawa. Da dare a goslo, abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, batir ne ke cike giɓin a hankali har ka wayi gari ana turi. Ga kuma wata ɓarnar: kana murɗa makulli fanka ta riga kik, mai tayar da inji, shan wuta. Fankar da ke aiki da zafin ruwa kuwa, a mafi yawan tafiya a kashe take.

Sai tamostat. Ban ce makanikinka mugu ba ne, abin da ya gani ana yi ya yi, kuma akwai dalilin da ya sa aka fara cire shi. Tsohon tamostat yakan maƙale a rufe, inji ya tafasa, a cire shi a ga mota ta yi sanyi, sai a ce ai shi ne ciwon. Amma maganin wanda ya lalace sabo ne. Tamostat ƙofa ce mai wani irin kaki a ciki. Inji na sanyi tana rufe, ruwa na zagayawa cikin inji kaɗai har ya yi ɗumi da wuri. Zafi na kai lambar da aka buga a jikinsa, 75 ko 82 ko 88, kakin ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafi, wajen digiri 80 zuwa 90. A ƙasa da haka fetur ba ya ƙonewa sosai, yana wanke mai daga bangon silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, fulogi su yi baƙi, ringi su ci da wuri, ga shan mai. Masu cewa mu ba mu da sanyi, su fito da asuba a watan Disamba ko Janairu su tsaya a gadar kogin Kaduna. Mota ba tamostat, fanka na hura mata iskar hunturu tun daga ƙofar gida, ta yaya allura za ta ɗaga? Wannan allurar da kake gani a kwance da safe, injinka ne ke cinyewa a hankali.

Ka lura kuma da abin da ka faɗa da bakinka: fanka na juyawa ba dare ba rana, tamostat babu, amma duk da haka tana zafi a Kawo. Ke nan dairek bai warkar da komai ba, akwai ciwon da ke ƙasa. Ga yadda za ka gane shi ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka hau titin Zariya ka yi tafiyar minti ashirin a kan kilomita 80. In allura ta zauna lafiya a can, sai a cunkoso take hawa, to matsalar iska ce, wato fanka. In a kan gudun ma tana hawa, fanka ba ta da laifi, domin mota in ta wuce kilomita 50 ko 60 a awa iskar da ke shiga ta gaba ta fi wadda kowace fanka za ta iya ja. Sai a nemi laifin a lagireto da ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko famfon ruwa da haƙoransa suka cinye, ko taimin, ko gaskit. Ka duba murfin lagireto ma. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a nan Kaduna ƙasa da haka kaɗan saboda muna kan tudu, amma murfi mai lafiya mai lamba 0.9 ko 1.0 yana riƙe shi har kusan 120. Murfin da robarsa ta tsage ya zubar da wannan ratar gaba ɗaya.

In matsalar iska ce, abu uku nake fara dubawa. Na farko, ina fankar ke tura iskar? Irin wannan fanka in aka juya wayoyinta biyu baya take juyawa, kuma na sha samun fanka tana hura zafin inji zuwa gaba, tana kokawa da iskar hanya. Ka kunna ta, ka kawo takarda gaban lagireto. In ta manne, daidai ne. In ta tashi, an juya. Sannan fukafukan a lanƙwashe suke don ɓangare ɗaya, fankar da aka yi don ja daga baya in aka kai ta gaba aka juya waya kawai, za ta yi ƙara amma iskar kaɗan ce. Wadda ke bayan lagireto tana ja ta fi wadda ke gaba tana turawa, in dai akwai wuri tsakaninta da fuli. Na biyu gidan fanka. In an rataye ta tsirara da rata tsakaninta da lagireto, iska ta gefe za ta riƙa shiga maimakon ta ratsa saƙar. Masu ƙira a kasuwar Panteka za su lanƙwasa maka gida da falle ɗaya na ƙarfe a yini guda, su yi masa ƙafafu da za a ɗaure a firam ɗin lagireto. Kada ka yarda a soka robobin ɗauri ta cikin saƙar a rataye fanka a kansu. Da ramukan hanyoyinmu, wata nawa ne sun goge bututun ruwa ya fara tsiyaya. Na uku ƙura. Bayan hunturu saƙar kan cushe da ƙura da ƙwari, a wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba.

Makunnin dashbod da abokinka ya faɗa, na san inda ya dosa, yana so fanka ta riƙa hutawa. Amma ya ɗora amanar inji a kan tunanin ɗan Adam. Wani direba da na sani, mai kula da mota sosai, shekara biyu yana kunna fankarsa da hannu bai taɓa mantawa ba. Ranar da ya ɗauki 'yan kai amarya zuwa Zariya, suka shiga cunkoso a Kwangila, mata na guɗa, ana ta kiransa a waya ana tambayar ina suke, sai tururi ya gani ta gefen bonet. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa kuwa alminiyam, kuma alminiyam ba ya yafe tafasa. Kan ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Mantuwar minti goma ce ta jawo sauke kan inji. Makunnin hannu yana da wurinsa, zan zo kansa, amma a matsayin mataimaki.

To yanzu ga aikin. Fan suwic ɗan dunƙulen tagulla ne mai ƙafa biyu, wanda aka fi samu a motocin Turai mai zare M22, wato faɗin milimita 22. A gefensa za ka ga lamba biyu, misali 92-87. Ta farko inda yake haɗa wuta, ta biyu inda yake yankewa. Ratar da ke tsakani da gangan aka bar ta, don kada fanka ta riƙa tashi tana mutuwa kowace daƙiƙa. Zaɓen lambar nan shi ne inda mafi yawan masu aikin ke kuskure, suna karɓar duk wanda mai shago ya miƙo. Ƙa'idar ita ce lambar yankewa ta ɗara ta tamostat, in suwic ɗin a ɓangaren ruwan zafi yake. Dalili kuwa, tamostat ba zai bar ruwan inji ya sauka ƙasa da lambarsa ba. In tamostat 82 ne ka sa suwic mai yankewa a 77 a tiyon sama, fanka za ta tashi ta yi ta jiran sanyin da ba zai zo ba, ka koma gidan jiya. Tamostat mai 82 ba ya gama buɗewa sai wajen 92 zuwa 95, don haka abokin tafiyarsa a tiyon sama shi ne 92-87. Mai 75 kuma 87-82 ya dace da shi. In a tankin ƙasa za a ɗaura, ruwan can ya riga ya ratso lagireto ya sauke digiri biyar zuwa goma, sai a rage lambar da kamar haka.

In babu rami a lagireto, ko dai mai gyaran lagireto ya liƙa maka mazaunin tagulla da dalma, ko a yanka tiyo a sa guntun bututun ƙarfe mai rami a tsakani. Ko wanne aka yi, bakin suwic ɗin ya kasance cikin ruwa tsundum. In aka ɗaura shi can ƙololuwa inda iska ke taruwa, ranar da ruwa ya ɗan ragu zai zauna a busasshe, inji na tafasa shi bai sani ba. Ka nemi mai ƙafa biyu. Mai ƙafa ɗaya ta jikinsa yake samun at, wato hanyar komawar wuta zuwa jikin mota, kuma in aka ɗaura shi a bututun da ke tsakanin roba da roba, ko aka naɗe zarensa da farin tef na masu famfo, ba zai taɓa aiki ba. Da washa ake toshe yoyonsa.

Ni ba na ɗaura suwic, sabo ko na Beljiyam, sai na dafa shi. Tukunya a kan risho, a rataye shi da waya yadda tagullar kaɗai ke cikin ruwa, ƙafafun a sama a bushe. A haɗa batir da ɗan ƙwan fitila ta cikinsa, a tsoma ma'aunin zafi a gefe. Za ka ga ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindin tukunya, ruwa na 'yar ƙara bai kai ga tafasa ba, sai ka ji ɗan ƙis, ƙwai ya kama. Ka dubi ma'auni. A sauke tukunyar, a jira, ƙwan ya mutu, ka sake duba. In ya kauce wa lambarsa da digiri biyu ko uku ba komai. In ruwa ya tafasa ƙwai bai kama ba, a mayar wa mai shi. Tamostat ɗin ma ka jefa shi cikin tukunyar ka ga buɗewarsa da idonka.

Rile kuma ɗan dako ne. Suwic ya raɗa masa, shi ya ɗauki kayan. Abin da yake bukata don ya ji raɗar bai kai rubu'in amfiya ba, amma yana iya wuce da 30 ko 40. Ka juya shi za ka ga lambobi a gindin ƙafafunsa, kuma iri ɗaya ne a ko'ina. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga kan batir kai tsaye, ta cikin fiyus, kuma fiyus ɗin ya zauna kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya, domin wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro. Ƙafa ta 87 ta tafi fanka. Ɗaya wayar fankar a ɗaure ta a jikin mota, a kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi fari. Ƙafa ta 86 ta ɗauko 'yar wuta daga layin makulli ta ƙaramin fiyus mai amfiya 5. Ƙafa ta 85 ta tafi ƙafa ɗaya ta fan suwic, ɗaya ƙafar suwic ɗin ta tafi jikin mota. In rilen mai ƙafa biyar ne, ta tsakiya mai lamba 87a a bar ta ba komai. Ruwa ya yi zafi, suwic ya haɗa, rile ya ce ƙas, fanka ta sha wutarta daga batir, makulli bai san ana yi ba. A rataye rilen ƙafafu na kallon ƙasa don ruwan wanki kada ya kwanta a ciki, nesa da zafin salansa.

Fankar da ke cin amfiya 12 zuwa 15, fiyus mai 25 ko 30 ya ishe ta. In yana yawan ƙonewa, a auna abin da fankar ke ja, kada a ƙara masa girma, balle a naɗa masa zaren waya. Wayar 30 da 87 da ta at kada kaurin tagullarta ya gaza murabba'in milimita 2.5, in fankar babba ce a sa 4. A nan ka buɗe ido, araha ba ta ado. Akwai waya a kasuwa mai kaurin roba, ka fere ta ka tarar da silin tagulla bai fi bakwai ba. Akwai wadda in ka kankare da wuƙa jan ya tafi fari ya fito, alminiyam ce aka shafa wa tagulla. Bayan an gama, inji na aiki fanka na juyawa, a sa mita a kan batir, ya kamata a ga bolt 13.8 zuwa 14.4. A sake aunawa a bakin fankar. In bambancin ya wuce rabin bolt, wuta na zubewa a hanya, kuma fanka mai ƙarancin wuta juyin kasala take yi.

Wasu za su ce maka a ɗauko wutar 86 daga batir, don fanka ta ci gaba bayan an kashe mota kamar yadda wasu motocin zamani ke yi. Gaskiya ne zafi na ƙaruwa na 'yan mintuna bayan kashewa. Amma famfon ruwa ya tsaya, ruwan lagireto ta fi sanyayawa, na cikin inji kaɗan yake amfana. Ga tsohuwar mota mai ƙaramar altaneta ni makulli nake zaɓa. Ranar da suwic ya maƙale cikin dare ba za ka tashi ka tarar da batir a mace ba, kuma yaron gareji da ya zura hannu don duba fambel, fanka ba za ta tashi a kan yatsunsa ba. In ka dawo daga doguwar tafiya, ka bar ta a silo minti ɗaya kafin ka kashe.

Yanzu ga wurin makunnin hannu. A jawo siririyar waya daga ƙafa ta 85 zuwa dashbod, ta bi ta makunni ta sauka jikin mota. Da wannan haɗin kana iya tayar da fanka duk lokacin da ka ga dama, amma ba ka da ikon hana ta tashi in zafi ya kira ta. A sa ɗan ƙwai kusa da shi daga layin 87, ka riƙa ganin lokacin da take aiki. Ko babu makunnin, ka riƙe wannan: in fanka ta ƙi tashi a hanya, ka zare wayoyi biyu na fan suwic ka haɗa su da juna. In ta tashi, suwic ne ya mutu, ka ƙarasa gida a haka. In ba ta tashi ba, ka fara duba fiyus da rile. Rilen hon in irinsa ne zai fitar da kai.

In motar mai esi ce, dole fanka ta tashi tare da kwamfireso ko da ruwa bai yi zafi ba, in ba haka ba gas zai yi ƙarfi a tsaye, sanyi ya gudu. Hanya mafi sauƙi rile na biyu, wanda wayar kwamfireso za ta tayar, shi ma ya kai wuta fanka. In kuma fanka biyu iri ɗaya za ka sa, akwai dabarar da Peugeot ta yi a 405, rile uku da mataki biyu: a zafi na farko wuta ta ratsa fanka ɗaya ta shiga ɗaya, kowace ta sami bolt 6, wato rabin 12, su juya a hankali ba hayaniya ba cin wuta, zafi ya ƙaru kowace ta sami tata cikakkiya. Yana bukatar suwic mai ƙafa uku da mai wayarin da ya san abin da yake yi. Ga 504 marar esi mai lafiyayyen lagireto, fanka ɗaya mai kyau ta wadatar.

Akwai akwatunan lantarki da ake shigowa da su, masu maɓallin saita zafi, wasu ma suna ƙara gudun fanka sannu a hankali. Masu kyansu suna da daɗi, ba sa fizgar wuta. Irin mai tsinken da ake sokawa cikin saƙar lagireto ne ban yarda da shi ba, don zafin ƙarfe da iska yake ji, kuma girgiza na kwance shi. Sannan in akwatin ya mutu maka a hanyar Kaciya ko Saminaka, wa zai ba ka wani? Rile da fiyus kuwa duk garin da ke da mai wayarin akwai su. Haka in za ka sake fankar Beljiyam, ka guji mai akwati a jikinta da waya uku, biyu masu kauri ɗaya siririya. Waccan umarnin kwamfutar mota take jira.

Ranar da aka gama, kada ka karɓi mota ka tafi. A cika ruwa, gara kulant ko ruwa mai tsabta da maganin tsatsa, a bar iska ta fita, a rufe murfi, a tayar da ita a bar ta a silo kana tsaye. Ka riƙa taɓa tiyon sama. Zai zauna da sanyi na wasu mintuna, sai ka ji ya ɗau zafi lokaci guda, tamostat ya buɗe ke nan. Allura ta hau tsakiya ta ɗan gota, rile ya ƙwanƙwasa, fanka ta tashi. Ta yi minti ɗaya ko biyu ta tsaya, a zafin Maris da Afrilu za ta fi haka daɗewa. Ka jira ta yi haka sau uku. In ta tashi ta ƙi tsayawa alhali allura na tsakiya, lambar suwic ta yi ƙasa. In ta ƙi tsayawa allura kuma na ci gaba da hawa, a kai lagireto a buɗe tankunansa a zura bututun ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ka sake hawa titin Zariya kana lura da ɗan ƙwan nan na dashbod. A kan gudu bai kamata ya kama sosai ba, sai dai ɗan ja-ja in iska na juya fukafukan. Ka dawo ta Kawo da azahar ka ga yadda zai riƙa kamawa yana mutuwa, allura na tsaye wuri guda.